Sai-gobe da Gilashin Teburin Madam

Sunansa na gaskiya yana nan a katin shaida, amma ko uwar da ta haife shi Sai-gobe take ce masa. Ya fara koyon ɗinki, ya tsaya a ɗaura maɓalli. Ya koma gyaran rediyo, rediyoyin mutane suka tsufa a shagonsa ciki a buɗe. Daga ƙarshe ya zauna a sana'ar yanka makulli a wani ɗan akurkin shago kusa da tasha, don ita ce sana'ar da mai kaya yake tsayawa a kanka har ka gama.

Abu guda ya gada daga mahaifinsa, wata tsohuwar jif mai jan ƙafa huɗu, fentinta ya koɗe har ba a sanin kalar da aka haife ta da ita. Ita kaɗai ke iya hawa dutse zuwa ƙauyen da Inna, mahaifiyarsa, ta ƙi bari. A hanyar akwai rafi, babu gada. Da rani ruwan iya idon sawu ne, damina na kankama kuwa ko jaki sai ya yi shawara da zuciyarsa.

Allurar zafin motar ta daɗe tana leƙen ja. Matarsa, wadda yake kira Madam, mai kitso ce a gida, ta yi magana har bakinta ya gaji. Shi kuwa sai ya ɗura ruwa a lagireto ya ce gobe. Rannan motar ta tofar da farin hayaƙi, ya zaro sandar awon mai ya ga baƙin mai ya koma kalar shayi da madara. Bakaniken unguwa ya leƙa ya ce gaskit ya ƙone, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, mai raba ruwa da mai da wuta. Sai-gobe ya ce zai kawo ta gobe. Aka tura ta tsakar gida, kaza ta yi ƙwai a kujerar baya har ta ƙyanƙyashe.

Sai ga wayar yayarsa, wadda ke zaune da Inna.

"Yatsan ƙafar Inna ya yi baƙi," in ji Yaya. "Ma'aikaciyar jinya ta ce sugan nan ne. In ba a kai ta babban asibiti ba, baƙin hawa zai yi, ƙafar gaba ɗaya za a nema."

"To, in Allah ya kai mu…"

"Ka faɗi kalmar nan, ka ga ni da kai har abada. An fara yayyafi a kan dutse. Ruwa ɗaya mai ƙarfi ya rage rafi ya rufe."

Ya rufe shago ya zaga tasha. Direbobi suka ce motarsu ba akuya ba ce. Mai babur ya ce zai je, amma tsohuwar da ba ta iya taka ƙasa wa zai riƙe ta a kan duwatsu? Ya nufi gidan bakanike, ya tarar da shi a kwance, hannun dama a ɗaure, jak ya zame masa a ƙarƙashin wata mota.

"Da ka kawo ta lokacin da na ce, da yanzu kana can kana cin ƙurar hanya," in ji bakanike. "Ɗauki akwatin sifanu. Ga waya, ga kunnena. Amma in ka karya mini sifana, gara ka karya ɗaya hannun."

Ya sayo sabon gaskit ya shiga kwance-kwance. Ya zubar da ruwa da mai, ya cire bututu, ya cire wayoyi, kowace ya ɗaura mata zaren kitson Madam mai kala daban don kada ya manta gidanta. Notunan kan inji ya huda kwali ya jera su yadda ya same su. Wani noti ya ƙi motsi, ya sa wa sifana dogon bututu ya rataya a kai kamar biri, da notin ya saki sai ga Sai-gobe zaune a cikin tiren baƙin mai. Madam ba ta yi dariya ba. Nan ya san lamarin ya ɓaci.

Shi da Madam suka ɗaga kan injin, nauyinsa kamar na ɗan maraƙi. Ga tsohon gaskit nan ya ƙone a tsakiya, baƙi ƙirin. Sai-gobe ya ɗauko sabon zai shimfiɗa, ya kira bakanike don ya sha yabo.

"Ɗora rula ta ƙarfe a fuskar kan injin tukuna," in ji bakanike. "Ka sunkuya ka duba. Haske na wucewa ta ƙasa?"

Yana wucewa, a tsakiya, siriri kamar gashi.

"Zafi ya lanƙwasa shi. Ka ɗaura haka, kafin ka kai rafi gaskit ya sake ƙonewa. Injin da ke gyara fuskar nan kuma ya lalace, ana jiran kayansa. Dabara ɗaya ta rage. Ka sami gilashi mai kauri, ka manna sanfefa, takardar nan mai kaushi ta goge ƙarfe, a kai, ka zane fuskar da maka, alƙalamin nan mai kaurin baki, ka yi ta gogawa har zanen ya ɓace ko'ina. Ko'ina na ce, Sai-gobe."

Gilashi mai kauri guda ne a gidan, kuma kowa ya san inda yake. Teburin falon Madam, wanda ta saya da gumin yatsunta, wanda yara ke zagayewa kamar rijiya. Ko kofi ba a ɗorawa a kai. Inna ma da ta zo ta gan shi cewa ta yi, "Wannan teburin na kallo ne ko na ci?" Madam ta haɗiye maganar, amma ba ta narke ba.

Ya tsaya a ƙofar falo, baƙin mai na ɗiga daga wandonsa. Madam ta bi idonsa da kallo.

"Baban yara, kada ma ka fara."

"Ban ce komai ba."

"Idonka ya ce."

Ya koma tsakar gida ya zauna a kan taya. Gabas ta haɗa baƙi, iska mai ƙamshin ruwa na kaɗa shanya. Ya gwada madubin banɗaki a zuciyarsa, ya ga ba zai ɗauki nauyin ba. Ya tuna tagar makwabci, siririya ce. Ya sa kai a gwiwa. Sai ya ji takun sawu, ya ɗago, ga Madam rungume da gilashin, ta naɗe shi a bargo kamar jariri.

"Ba don kai ba," ta ce. "Matsa."

Suka shimfiɗa shi a kan sumunti mai sulɓi, bargo a ƙasa, suka manna sanfefa, suka zane fuskar ƙarfen da makar yara. Ya fara turawa yana jawowa. Ƙarfe na kuka, gumi na zuba. Ya juya ya duba: gefe da gefe sun goge, tsakiya na nan da zanenta tana masa gwalo. Ya canza sanfefa ya ci gaba. Tafin hannunsa ya yi bororo, bororon ya fashe. Yaya ta sake kira ta ce Inna ta fara zazzaɓi. Ya ce yana hanya, ya kashe wayar, ya dubi inji a warwatse a kan kwali.

Zanen ya ragu har ya koma kamar girman babban yatsa. Ya dakata da gogawa.

"Ai wannan ɗan kaɗan ne," ya ce. "Gaskit zai rufe."

"Na Inna ma yatsa ɗaya ne," in ji Madam.

Ta ɗaure zani ta durƙusa a ɗaya ɓangaren. Shi ya tura, ita ta mayar, kamar masu yankan katako. Ƙarfe ya ci gaba da kuka. Can gilashin ya ce ƙas, tsaga ta bi gefe guda. Madam ta dube ta, ta ce, "Tsakiyar lafiya lau. Tura." Da suka sake juyawa, fuskar ta yi fes, rula ta zauna, haske bai sami hanya ba.

Bakanike ya ce a ɗaure notuna daga tsakiya zuwa gefe, kaɗan-kaɗan, a zagaya a sake zagayawa, kada a fifita wani. Sai-gobe ya bi, yana ƙirga ƙarar sifanar awo, mai yin ƙas in noti ya ɗauru daidai, yana addu'a. Zare ja ya koma gidan ja, kore ya koma gidan kore. Ya zuba sabon mai da ruwa, ya kori kaza, ya murɗa makulli. Motar ta yi tari, ta yi shiru. Ta sake tari. A na gaba ta kama, hayaƙi ya fito fari, ya yi ta fita fari, sannan a hankali ya washe.

Bai tsaya wanke hannu ba. Yana tafe ido ɗaya a hanya, ɗaya a kan allura. A zuwa, rafi ya kai rabin taya. Shi da Yaya suka ɗauko Inna a katifa suka shimfiɗa a baya, jikinta zafi rau, ƙafar a naɗe. Kafin su juyo ruwa ya tsinke. Da suka iso rafi ya zama ja, yana ɗauke da rassa. Yaya ta riƙe masa kafaɗa. Ya sa babbar giya ya shiga, ruwa ya shigo ta ƙasan ƙofa ya jiƙa masa ƙafa, motar ta karkata, ta yi gurnani, ta dafa gaɓa ta haye.

Yatsa biyu likitoci suka cire, ƙafa ta tsira. Da aka sallami Inna gidansu ta sauka, don rafi ya riga ya rufe. Ta zauna a falo, ta ga ƙafafun tebur an ɗora musu katako.

"Ina gilashin kallon naku?"

"Ya tafi a gyaran motar da ta ɗauko ki, Inna," in ji Madam, ta dire mata kofin shayi a kan katakon.

Inna ta dubi kofin, ta dubi hannun surukarta da har yanzu ke da tabo, ta ɗauka ta kurɓa. Ta juya wajen ɗanta ta ce ƙofar banɗaki ba ta rufuwa. Ya buɗe baki, Madam da Yaya suka zuba masa ido. Ya tashi ya ɗauko guduma.