Ƙwaryar Iya Dije

Ban taɓa mantawa da wannan rana ba. Ƙarfe goma na safe ina ƙofar gidan likita a Madarumfa ina dafa allurai, sai ga Malam Sanda da ƙwarya a hannu. Ya dire ta a gabana ya ce, "Daga yau kada a ƙara ɗora wa uwata wannan abu." Kafin in miƙe har ya juya.

Bari in koma baya saboda ku da kuka fara aiki kwanan nan. Wannan kafin 'yancin kai ne. Ina ɗaliba, an turo ni daga lakwal, wato makaranta, in koyi aikin jinya a hannun manjo, wato babban ma'aikacin wurin. Lokotoro, babban likita, sai jefi-jefi yake zuwa daga Maradi. Ɗaki biyu ne kawai da rumfa, iskar tabki na shigo mana da ƙanshin kifin da ake kyafewa. Har yau in na ji wannan ƙanshi sai in tuna da rumfar.

Iya Dije, mahaifiyar Malam Sanda, tana fama da ciwon karkarwa, wanda likitoci ke kira Parkinson. Hannunta na rawa, bayanta ya ranƙwafa har haɓarta na neman taɓa ƙirji, muryarta kuma sai ka matso kake ji. Manjo ya ce mini ba mu da maganin warkar da shi, kuma ƙirji ne abin tsoro. Wanda ya duƙe haka huhunsa ba ya cika, tarinsa ba ƙarfi, majina ta kwanta ta zama ajali. Da yake Iya ba ta yarda namiji ya taɓa kafaɗarta ba, ni aka ba aikin.

Kowace safiya nakan je gidansu. In zaunar da ita kan turmi, bayanta jingine da bango, ta shaƙi iska ta hanci tana ɗaga hannuwa, sannan ta hure dusa daga faifai. Wannan ya tafi daidai. Tsayuwa ce ta gagara. In na ce, "Iya, ɗaga kai," sai ta ce, "Ɗiyata, kan nan ya bar jin maganata. Ke ma ai naki kullum a ƙasa yake, wa zai yi miki magani?" Matan gida su yi ta dariya.

Wata rana jikarta ta wuce mu da tulu a ka, bayanta a miƙe sak. Na tambaya, aka ce Iya ta yi shekaru tana kai busasshen kifi kasuwar Ɗan Isa a ka, a ƙafa. Da ciwo ya zo, surukanta suka karɓe mata komai don girmamawa, ko ludayi ba a bari ta ɗauka. Na naɗa gammo na ɗora mata ƙwarya, ban sa komai a ciki ba don ina tsoron nauyi. Sai na ga wuyanta ya nemi ƙwaryar da kansa. Ba ta miƙe duka ba, amma haɓarta ta rabu da ƙirjinta. Daga nan muka riƙa fita kullum har kusa da bakin tabki mu dawo. Numfashinta ya yi tsawo, har ta fara gaida mutane su ji.

To, wannan fita ce Malam Sanda ya zo ya hana. Iya ta koma zaman ɗaki, ba a jima ba tari ya kama ta. Na roƙi manjo ya yi masa magana. Ya ce, "Madamazal Rabi, shi ne maigida, kuma ke kika fara aikin. Littattafanki ba za su je zaurensa a madadinki ba."

Na yi ta zuwa zauren. In durƙusa in gaida shi, ya amsa yana gyaran komarsa ta kamun kifi, maganar ta maƙale mini, in shige cikin gida. A raina na riga na yanke cewa kunya yake ji kada a ce ya bar uwarsa da ɗaukar kaya. A kan wannan na shirya duk hujjojina. Abin da aikin nan ya koya mini, kuma nake so ku riƙe, shi ne ba jikin mutum kaɗai muke miƙarwa ba. Mara lafiya yana da gida da unguwa da masu kallonsa, kuma in dangi suka ƙi abu, a tambaye su dalili kafin a shirya musu amsa.

Ranar da na iske Iya ta kasa hure dusar daga faifai, na fito na tsaya a zaure, ban durƙusa ba ma don ruɗewa. Na ce, "Baba, in ba ta fita, ƙirjin nan zai kwantar da ita. Ƙwaryar ba ta da nauyi, wallahi babu komai a ciki. Ka bari in ɗora mata?"

Ya ɗago ya dube ni. Sannan ya ajiye komar.

"Ai shi ne, yarinya. Wa ya ce miki nauyi ya dame ni? Cikin gari cewa ake uwata ta taɓu, tana yawo da ƙwarya ba komi ciki. Matar da duk Ɗan Isa ta san kihinta." Ya ɗauki komarsa ya ci gaba da ɗinki. "Ki ɗora mata gobe. Kihin ni zan zuba."