Zaren Gwaggo

Jiya ina yi wa jikata wanka, na ga zaren ƙugunta ya matse ta. Sai na ji dariyar marigayiya Gwaggo, yayar babana, kamar tana tsaye a bayana.

Ita ba ruwanta da sikelin asibiti. Zare take ɗaura wa jariri a ƙugu, kullum ta zura yatsa ta ji ko ya ƙara ƙiba.

Muna zaune a unguwar Karantina lokacin da ɗana na fari ya cika wata shida. Ya ƙi kunu, zaren har zamewa yake yi. Na tsorata, na ce nonona ne ya lalace, yaye shi zan yi.

Gwaggo ta ce, "Halas, ya isa haka, ke 'yar nan! Lafiyar nononki ƙalau, abokin aiki yake nema."

Ta murje ful, waken karin kumallonmu, da man zaitun, ta lakato ta sa masa a baki. Ya yamutsa fuska, sannan ya cafke yatsan ya ƙi saki.

Ranar da yatsanta ya kasa shiga zaren, ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo suna tambayar wa ya haihu.

Allah ya yalwata miki makwanci, Gwaggo. Yau zan ƙara wa zaren tsawo.