Burodin Ɗan Fari

A shekarata ta biyu a kwaleji, ina karantar nazarin laifuka da shari'a, aka kama yayana. Babur ya saya hannun wani a bayan Babbar Kasuwa, ashe na sata ne. Mai sayarwa ya yi layar zana, Yaya ya tafi gidan yari jiran shari'a.

Asabar da Lahadi kuma ina zuwa ajin koyon gashin burodi da kek. Baffa, ƙanin mahaifinmu da ke riƙe da gidan tun rasuwar Baba, ya daɗe yana yi mini ba'a, wai rabi 'yar sanda rabi mai burodi. Ban taɓa tanka masa ba sai ranar da ya tara mu a tsakar gidanmu na Ƙofar Kwaya.

"Duk wanda ya tambaya, ku ce ya tahi Legas neman kuɗi," in ji shi. "Kuma kar in ji ƙafar wani ta taka wurin nan. Ya ja muna abin kunya, ya ji da shi."

Na ce, "Baffa, alƙali bai ce ya yi laifi ba tukuna. A aji an koya mana, wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne sai kotu ta tabbatar."

"To alƙaliya, a gidan nan ni ne kotu."

Na juya wajen Inna ko za ta sa baki. Ta sunkuyar da kai tana tsince shinkafa. Yaya ɗan farinta ne, tunda na yi wayo ban taɓa jin ta kama sunansa ba, ban taɓa ganin ta yi masa fara'a a gaban mutane ba. Na san kunyar ɗan fari al'ada ce, amma a ranar haushinta ya fi na Baffa ci mini rai. Mutum yana tsare a gidan yari, ke kina ta tsakuwar shinkafa?

Ranar ziyara na gasa burodi na tafi. Malamar ajinmu mace ce mai tsanani, komai sai da awo, ko gishiri ka ƙara da ƙwaya ɗaya sai ta gane. Saman burodi kuwa in bai yi sumul ba babu maki. Na kai nawa mai sheƙi, gandiroba ya sa wuƙa ya daddatsa shi yana duba ciki, sannan ya miƙo mini gutsure.

"Ci mu gani, Malama."

Haka dokar wurin take, mai kawo abinci shi ke fara ɗanɗanawa. Na ci ina hararar wuƙarsa. Yaya ya rame, kuma tambayarsa ɗaya ce, kowane zuwa sai ya maimaita ta: "Inna ta ce wani abu?" Sai in ce tana lafiya. Ƙarya ba zan yi masa ba, gaskiyar kuma ba ta faɗuwa.

Labari bai daɗe ba ya isa kunnen Baffa, Katsina ba a ɓoye tafiya. Ya ce in na sake zuwa, karatun ya ƙare, kwalejin da burodin duka. Na ce a raina, in an hana ni aji ai ba a kwashe abin da ya riga ya shiga kaina ba.

Da ranar ziyara ta zagayo, bayan asuba na auna fulawa da yis da sukari, na rufe kwanon, na tafi ɗebo ruwa. Na dawo na kwaɓa, na gasa, Inna na ta shara ko kallona ba ta yi ba. Na iske Baffa zaune a zaure da baƙi biyu.

"Ina zuwa da sassafe?"

"Gidan yari, Baffa, wurin Yaya. Ba Legas yake ba."

Na faɗa da ƙarfi yadda baƙin za su ji, na sa kai na fice. Ban waiwaya ba.

A bakin ƙofar gidan yari gandiroba ya yanka burodin ya miƙo. Ina taunawa na tsaya cak. Kanumfari. Ni ban sa kanumfari ba, babu shi a awon malamarmu, kuma tun ina gasawa na ji wani ƙamshi na ɗauka na shayin maƙwabta ne. Mutum ɗaya ne a gidanmu ke son kanumfari a komai, tun yana yaro ake daka masa a kunu. Mutum ɗaya ce kuma ta rage a tsakar gida lokacin da na tafi ɗebo ruwa.

"Lafiya, Malama? Ko akwai wani abu a ciki?"

"Akwai," na ce, "amma ba irin wanda kake nema ba."

Da aka fito da Yaya na tura masa ledar. Ya gutsura, ya tauna a hankali, ya daɗe kansa na ƙasa. Ranar bai tambaye ni ko Inna ta ce wani abu ba.