Zoben tarakta a kan kaskon kisra

Ruwan farko ya sauka a Simsim, maƙwabta duk sun shiga shuka, taraktarmu kuwa tana tsakar kambo, sansanin gonarmu, an raba ta biyu. Haƙoran zoben da sitata ke kamawa ta tayar da inji ne suka cinye. Ƙasarmu baƙar laka ce, in ruwa na biyu ya zo babu tayar da za ta shiga gona. Riɗin shekarar ya wuce mu ke nan, sai mu koma ƙwadago a gonakin mutane.

Maigidana ya kasa zama. Ya dubi gabas, ya zagaya tarakta, ya dawo ya yi mini faɗa a kan shayi. Ni ma ban raga masa ba.

A rana ta uku usta, wato makanikin, ya iso daga Gadarif da sabon zobe, guda ɗaya tak. Ya ce sai an gasa shi ya buɗe kafin ya shiga bakin faifan ƙarfen da ke bayan inji. In zafi ya gaza zai maƙale a rabi, in ya yi ja haƙoran sun yi laushi. Shi kuma da wutar gas ya saba, ga shi ya baro ta a gari. Maza biyu suka tsaya suna kallon gawayi kamar ba su taɓa ganinsa ba.

Haushi ya kama ni. Shekara nawa ina yin kisra, siririyar wainar dawarmu, a ce zafin ƙarfe zai gagare ni? Na ture ƙulluna gefe, na ce su ɗora zoben a kan doka, kaskon da nake gashi a kai.

"Yalla, ya isa haka!" in ji maigida.

"Lissa, Malam. Da saura."

Na barbaɗa garin dawa a jikin zoben, yadda nake gwada zafin kasko, garin ya zauna fari. Na ƙara fifita. Iska ta fara kawo ƙamshin ruwa.

"Ke, za ki kashe mu! Dubi hadari!" in ji maigida.

Usta ya ce, "Bar hajja, wutarta ce."

Na sake barbaɗawa. A karo na huɗu garin ya soyu nan take, ya yi launin gasasshiyar gyaɗa. Na ce, "Kalas, ku ɗauka!"

Suka kama da awartaki biyu, usta ya duba fuskar haƙoran, suka sake shi a bakin faifan. Ya shige har ƙarshe, ya ɗan juya sakwa-sakwa, sannan ya kama gam.

Washegari da hantsi aka gama haɗa taraktar, ruwan kuma bai sauka ba. Murɗa ɗaya ta tashi. Na zaci maigida zai haye ya tafi, sai ya zo ya tsuguna a bakin murhuna. Na miƙa masa shayi, ya karɓa idonsa na gabas, har shayin ya fara zuba bai lura ba. Sai a lokacin na gane duk faɗan nan tsoro ne, tausayinsa ya kama ni. Na riƙe masa kofin ya sha.