Sista Rifkatu da Kwalbar Wankin Ciki

Ƙarfe bakwai da rabi na safe, tun mai shara bai gama da baranda ba, Sista Rifkatu Bulus ta riga ta rataye sikeli ta wanke hannu. Haka take yi shekara ashirin da biyu a ƙaramin ɗakin awon yara da ke wajen Ƙofar Marusa. Mata su cika benci, kowacce da goyonta. Ta auna yaro, ta rubuta a kati, sannan ta yi abin da wasu abokan aikinta ke ƙyama: ta ce a kwance tsumma ta gani. Ba ta taɓa toshe hanci ba.

Karatunta ɗaya ne, kuma duk macen da ta zauna a bencin nan ta haddace shi. "Sabon jariri mai shan nono yana iya yin kashi duk bayan tsotso, sau shida, sau takwas a yini, ba gudawa ba ce. In ya wuce arba'in kuma, yana iya ɗauke kwana uku, kwana biyar, har mako bai yi ba. In dai yana tsotso, yana fitsari, cikinsa da laushi, ranar da ya yi kuma ya fito kamar kunu, ku ƙyale shi. Wanda ya fara cin tuwo, sau ɗaya ko biyu a yini, wani ya tsallake kwana. Abin da za ku rugo mani da shi: kashi mai tauri kamar na awaki, ko jini, ko fari kamar alli, ko ciki ya kumbura yana amai."

Ni ma na ji wannan karatu daga bakin matata Zuwaira, amma ban ɗauka ba. Shi ya sa nake rubutun nan da kunya, da kuma fushi.

Da daminar bara, watanni kaɗan bayan soja sun miƙa mulki, ɗiyarmu Zulaihat tana da wata biyu ta yi kwana huɗu ba kashi. Zuwaira ta kai ta awo. Sista ta lallatsa cikin, ta ga yarinya tana wasa da ƙafafu, ta ce, "Ɗiyata, lafiyarta lau. Koma gida ki ba ta nono." Ni kuwa, malamin makaranta guda, na ce ina aka taɓa jin haka. A ƙofar asibitin nan akwai wani Sammani da ke ajiye motarsa kullum, da lasifika a bisa, yana shela: "Duk ɗan da bai yi kashi kullum ba, datti ne ya daskare a cikinsa! Ga wankin ciki na jarirai!" Na saya. Da hannuna na ɗura mata cokali biyu bayan la'asar.

Washegari gudawa ta ɓarke mata har tsumma ya ƙare a gidan. Kafin azahar maɗigarta ta faɗa, idanu sun zurma, kukan ma ta daina. Muka isa asibiti Sista ta riga ta rataya jakarta za ta tashi. Ta ajiye jakar. Ta karɓi yarinya, ta tsunkuli fatar cikinta, fatar ta tsaya ba ta koma ba. Zuwaira ta miƙa mata kwalbar, ta buɗe ta sunsuna.

"Malam, wa ya ba ta wannan?"

"Ni ne, Sista."

"Kai da ke koyar da 'ya'yan mutane?"

Ba ta da lokacina. Ta haɗa ruwan gishiri da sukari tana ɗiga mata a baki, ta ce in tare tasi. Ita ta rungume Zulaihat har babban asibiti, ba ta matsa ba sai da ta ga an samu jijiya an sa ƙarin ruwa. Kwana uku muka yi, Allah ya tashi kafaɗar yarinya. A gadon da ke kusa da namu akwai ɗan wata Mairo daga Ƙofar Sauri, shi ma kwalbar nan aka ba shi. Shi a zane aka naɗe shi aka fita da shi.

Ranar Litinin, benci cike da mata, Sista ta fito da fararen kayanta ta nufi motar Sammani. Zuwaira na wurin, ita ta ba ni labari.

"Malam Sammani, kashe abin maganar nan. Ɗan Mairo ya rasu. Me kake zubawa a kwalbar nan?"

Ya ce, "Ke 'yar kudancin Kaduna, me kika sani a maganinmu na gado? Baƙuwa ce ke a garin nan."

Ta ce, "Baƙuwa? Ɗanka Almu ni na auna shi a sikelin can. Da ya yi kwana biyar bai yi ba, uwarsa ta zo tana kuka, na ce ta ƙyale shi, ya kuma yi da kansa. Me ya sa ba ka ɗura mashi wannan ba?"

Matan da suka riga suka saya suka dinga ajiye kwalaben a bisa motar Sammani ɗaya bayan ɗaya.

To, ku ji sakayyar da aka yi mata. Ashe da wannan lasifikar Sammani ya yi wa wani sabon kansila yawon neman ƙuri'a. Ba a yi mako biyu ba takarda ta zo: wai Sista ta ta da hatsaniya a wurin aiki, an mayar da ita ɗakin yankan kati. Macen da ta fi shekara talatin tana aikin jinya, aka zaunar da ita bayan taga tana yaga takarda! Wanda ya sayar da abin da ya kashe ɗan mutane kuwa ko tambayarsa ba a yi ba, sai dai ya matsa da motarsa bakin kasuwa, yana can har yau. Mun yi layi cikin rana mun jefa ƙuri'a, mun yi murna soja sun koma bariki, muna cewa yanzu talaka zai yi magana a ji. Ga wadda ta yi magana, ga abin da ta samu.

Amma mata ba su bi takarda ba. Wata takwas suna zuwa tagar kati, su miƙa tsumma ta tsakanin ƙarafa, Sista ta duba ta ce, "Wannan ba komai, Gwaggo, ku bar ta," ko ta ce, "Maza ki shiga wurin likita yanzu." Watan jiya ta yi ritaya. Ba wanda ya zo daga ofis, ko wasiƙar godiya ba a aiko ba. Iyaye mata ne suka raka ta da ƙafa har gidanta a Ƙofar Guga, Mairo a gaba, riƙe da jakarta.

Sista Rifkatu, uwar goyon Katsina, ke ce kika gaya mani gaskiya kyauta na ƙi, na je na sayo ƙarya da kuɗina. Ke ce kika ajiye jaka bayan an tashi aiki saboda ɗiyar wanda bai ji maganarki ba. Zulaihat ta fara tafiya, tana ɓarar mani da littattafai. Na gode. Allah ya saka maki, ya ba ki lafiyar cin moriyar hutunki.

'Yan matan da aka ɗauka aikin jinya, ku daina rubuta magani daga nesa, ku kwance tsumma ku duba kamar yadda take yi. Mu kuma iyaye maza, kafin mu sa hannu a aljihu, mu tambayi wanda ya sani. Masu mulkin da suka ture ta kuwa, ba lambar girma nake roƙar mata ba. Ku je bakin kasuwa ku kashe lasifikar nan, kafin wata uwa ta sake komawa gida ba goyo a bayanta.