Tafiyar Maiha da Ban Yi Ba

Allah Ya ji ƙan malamina na zaure, wanda ya koya mini rubutun ajami a unguwar Yelwa. A gabansa na koyi yadda ɗalibi yake zama. A ƙasa ake zama, a lanƙwashe ƙafa, ido yana kan littafi. Idan malam ya yi fassara sai a ce na'am. Ba a ɗaga masa murya, ba a haɗa ido da shi, ba a kuma nuna masa cewa an iya. Shi ne zai lura da kansa. Da wannan tarbiyya na shiga kwaleji, ina ganin na zo da guzurin da zai ishe ni.

Kwalejin ƙarama ce, a gefen garin Mubi, a shekarun da jihar Adamawa take sabuwa, tun kafin tashin hankalin da ya watsa jama'a daga baya. Ajinmu na tarihi bai cika ɗaki ba. Kowa ya san kowa, har an san wanda ya fito bai karya kumallo ba. Malamin tarihin dogon mutum ne mai gilashi, a Zariya ya yi karatu, kuma a kan wani tsohon babur yake zuwa, wanda ake jin ƙararsa tun daga bakin ƙofa. Ba ya karanto darasi daga takarda. Zama yake yi a gefen tebur, ya jefo tambaya, ya naɗe hannu yana jira. Tun makon farko mutumin nan ya shiga raina. Ba abin da nake so kamar ya san da ni.

Sai na bi hanyar da na sani. Ina riga kowa zuwa in goge teburinsa. In ya sauka daga babur in karɓi jakarsa, in durƙusa in gaishe shi. Kullum sai ya ce, "Tashi, tashi, mene ne haka?" Ni kuwa na ɗauka tawali'u ne irin na manya, sai in ƙara sunkuyar da kai.

A can bayan aji akwai wani ɗan Michika, Kirista, ɗan manoma, gajere mai faɗin kafaɗa. Hausarsa ta kasuwa ce, mace da namiji duk "ya" yake ce musu. Wata rana malam yana bayanin abin da wani littafi ya faɗa, cewa mutanen yankin sun hau duwatsu ne don gudun mahara, sai muka ji murya daga baya.

"Sa, ni ban yarda ba."

Na ce a raina yau yaron nan ya kori kansa. Malam ya cire gilashi, ya goge shi da gefen riga, yana murmushi.

"Yauwa. Kawo dalilinka."

"Kakata ya ce tun kafin mahara suna kan dutse. Ya ce ruwa yana can, dawa yana can, sauro ne a ƙasa. Wane gudu kuma? Mai littafin nan ya taɓa hawa dutse?"

Aji ya fashe da dariya, har da malam. Suka yi ta ja-in-ja har lokaci ya ƙure, ba wanda ya sauka. Da za a fita sai na ga malam ya dafa kafaɗarsa, suka tafi tare suna ci gaba da gardama. Ni ina biye da su da jaka.

Daga ranar nan na fara lura da abin da ba na so in gani. In malam ya shigo, kafin ya ajiye alli, idonsa sai ya tsallake mu na gaba ya nemi kujerar baya. Akwai ranar da zazzaɓi ya kwantar da ɗan Michikan, malam ya jefo tambaya, aji ya yi shiru, ya ce, "Kai, yau ajin nan ba gishiri." Ga ni zaune a gabansa da amsa a bakina, na karanto ta a laburare, ina jira kawai ya nuna ni. Bai nuna ni ba. Shi ba ya nuna kowa, wanda ya buɗe baki shi yake saurara.

Abin da ya ƙara wahalar da ni shi ne ɗan Michikan abokina ne. Tare muke shan kunu da ƙosai a gindin darbejiya, kuma ba shi da ƙyashin komai.

"Alaramma," haka yake kirana, "kai wannan bakin naka na salla ne kawai? Ka san abu, ka yi shiru kamar an ba ka ajiya."

"Kai kuma naka ba shi da ƙyaure. Wata rana zai ja maka."

"Ya ja mini me? Ci ƙosai, malam, kafin ya huce."

Ina dariya tare da shi, amma in na idar da salla sai in roƙi Allah Ya wanke mini zuciya. Takan yi sanyi, sai a koma aji in ji "Sa, ni ban yarda ba," abin ya dawo sabo.

Ana gab da dogon hutu malam ya sanar da mu cewa zai zaga ƙauyukan Maiha ya ɗauki maganar tsofaffi a rikoda. Ya ce akwai wani gida a can da suka gaji tsofaffin takardu na ajami, yana so a karanto masa su. Ɗalibi ɗaya zai ɗauka, don babur ba ya ɗaukar fiye da haka. Duk ajin nan ni kaɗai nake karanta ajami ba tare da tsayawa ba. Na ce to, Allah Ya kawo ranata. Na gaya wa mahaifiyata, ta sa aka wanke mini riguna. Ban ce wa malam komai ba, domin a wurinmu ɗalibi ba ya cewa a zaɓe shi.

Kwanaki suka wuce ban ji kira ba. Wata rana bayan la'asar na shirya na tafi gidansa a rukunin gidajen malamai. Na tarar da shi a waje a kan kujera. Na tuɓe takalmi tun daga nesa, na ƙaraso na durƙusa. Sai da na ɗago kaɗan na ga ɗan Michikan a kujerar da ke kusa da shi, ya harɗe ƙafa, ga rikodar malam a cinyarsa ya buɗe bayanta yana hura wurin batir. Kofin da malam ya sha ruwa da shi, da shi yake sha.

"Ka zo a kan gaɓa," in ji malam. "An ce mini kana taɓa ajami. Takardun nan na Maiha, za ka iya karanta su?"

Na ji kamar an zuba mini ruwan sanyi a ranar zafi. Amma ga yadda abin yake a zaure. In malam ya ce wane, ja mu salla, ko wane, karanto mana, ba a zabura a miƙe. Sai ka ce akwai waɗanda suka fi ka. Ya sake cewa, ka sake nokewa a hankali. Sa'an nan ya ce umarni ne, ka tashi da kunyarka ka yi. Kowa ya san wannan, kuma wanda ya amsa tun kiran farko ana yi masa kallon marar tarbiyya. Saboda haka na sunkuyar da kai na ce, "Allah Ya gafarta malam, ni wane ne? Ɗan abin da na sani bai kai a ambata ba. Akwai waɗanda suka fi ni."

Na tsaya ina jiran kira na biyu.

Malam ya gyaɗa kai. "To, madalla. Ina son mutumin da ya san iyakarsa." Ya juya ga abokina. "Kai fa?"

"Sa, ni ko alif ban sani ba, amma zan je. Limamin garin ya karanta, ni in riƙe rikoda. Fillanci ma ina ji."

"Shi ke nan, ka shirya."

Wata kaza ta zo tana tsattsagar ƙasa kusa da gwiwata. Ina nan a durƙushe. Abokina ya dube ni, ya ɗaure fuska kamar an ba shi lissafi mai wuya.

"Alaramma, kai da kake cika bayan littafinka da rubutun nan kamar sawun tururuwa, yau kuma ka ce ba ka iya ba?"

Malam ya waiwayo, ya zuba mini ido ta saman gilashi yana jira, irin jiran da yake yi a aji. To, in na ce na iya, na ƙaryata kaina a gaban malamina, kuma na yabi kaina da bakina. Na nemi wata hanya a tsakani ban samu ba.

"Wasa ne kawai nake yi da alƙalami," na ce.

"To," in ji malam, ya miƙa hannu ya karɓi rikodarsa.

Hutun nan a shagon mahaifina na yi shi, ina auna yadi. Damina ta yi ƙarfi. Duk babur ɗin da ya nufi kudu, hanyar Maiha, sai na ɗaga kai.

Da aka dawo, malam ya ɗora rikoda a tebur ya kunna mana. Muryar wani tsoho ta fito, tana rawa, ana jin ruwan sama yana dukan rufi a bayanta. Bai daɗe yana magana ba sai ga dariyar abokina, ga ta malam a kanta, sa'an nan muryar malam ƙasa-ƙasa: "Ɗana, matso da ita kusa da bakinsa." A aji bai taɓa kiran kowa haka ba. Suka ba mu labarin yadda mayo, wato kogi, ya cika, suka tura babur cikin ruwa har ƙugu, suka kwana ɗaki ɗaya, suka ci tuwo a kwano ɗaya. In ɗaya ya fara labari ɗayan ne yake ƙarasawa.

Bayan an tashi abokina ya tare ni a bakin ƙofa, ya zaro ƙunshin soyayyiyar gyaɗa daga aljihu ya danƙa mini.

"Tsarabarka. Wani tsoho ne ya ba mu, Sa ya ce a rage wa Alaramma, mutumin kirki ne, sai dai kunya."

Na yi godiya. Na yi bisimilla na ɓare ɗaya na jefa a baki. Gyaɗar tana da daɗi ƙwarai, kuma hakan ma ya ɓata mini rai.