Malam Kawo-nan a Gindin Tsani

A kamfanin wutar lantarkin babu mai kiransa da ainihin sunansa. Malam Kawo-nan ake ce masa, domin shekara ashirin da bakwai yana gyaran taransifoma, kuma bai taɓa ganin sifana a hannun wani ya yi haƙuri ba, sai ya miƙa hannu ya ce, "Kawo nan." A gida ma haka yake. Matarsa ko zare za ta zura a allura sai ta juya masa baya.

Da kamfani ya fito da tsarin haɗa sababbin ma'aikata da tsofaffin hannu na wata shida, sai aka ba shi mutum biyu a jere. Sun ji daɗin zama da shi, sun sha labari, amma dukansu sun faɗi gwajin aiki, don ko noti ɗaya bai bari sun ɗaure ba. Ta ukun wata injiniya ce mai shiru-shiru, ba ta daɗe da gama jami'a ba. Shugabar horaswa ta gaya masa ba ɓoye-ɓoye: in ta faɗi, ba za a tabbatar mata da aikin ba. Maganar ta tsaya masa a rai. Mutumin kirki ne, hannunsa ne kawai ba ya jin magana.

Sati ɗaya ya ishe ta gane halinsa. Ranar Litinin ta kafa tsani ta haye, don kada ya samu hannun karɓe mata aiki.

"Baba, riƙe mini da hannu biyu, tsoron faɗuwa nake ji."

Ba tsoron da take ji. Haka bawan Allah ya kusa wata shida a gindin tsani, yana koyarwa da baki yana cizon leɓe. "A'a 'yata, na hagu. Sassauta kaɗan. Yauwa."

Ranar gwaji aka tsayar da shi bayan shinge. Ta gama, aka ba da wuta, taransifoma ta kama aiki lafiya lau, masu gwaji suka sa hannu. Da kowa ya watse, sai da ya zagaya aikin sau uku yana leƙe, ko zai hango abin gyara.

Ya shigo gida yana murmushi shi kaɗai.

Matarsa ta ce, "Maigida, yaya? Ta ci?"

"Ta ci. Na duba ɗaurinta, ban ga inda zan sa hannu ba." Ya zauna yana kwance igiyar takalmi, daɗi ya cika shi fal. "Ke, tsakani da Allah, nawa bai kai nata kyau ba."